Aminiyata ce dillaliyar zanena, na kasa tambayarta kuɗina

Assalamu alaikum Anti. Ni mai zane ce, shekaruna 29, ina zaune a Kaduna da mijina. Na karanta fannin zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a can kuma na haɗu da aminiyata, ɗaki ɗaya muka zauna har muka gama. Ita ba ta ci gaba da zane ba, sai ta buɗe gidan baje kolin zane a Abuja, irin wanda ake ce wa galari. Tsakani da Allah ta yi min halacci. Da na gama hidimar ƙasa ko kuɗin fenti ba ni da shi, ita ta riƙa saya min, kuma lokacin da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti ita ta biya rabin kuɗin.

Wata goma sha huɗu ke nan da ta zo ta ɗebi zanena guda 11. Ba mu rubuta komai ba, ko maganar farashi ba mu yi ba. Cewa ta yi, "Ke dai bar min komai." Daga lokacin zuwa yau sau biyu ta turo min kuɗi, naira dubu 200 da kuma dubu 150, tana cewa in riƙe wannan tukuna. Ban san guda nawa aka saya ba, ban san a nawa ba, ban san wa ya saya ba. Kwanakin baya ina duba Instagram sai ga ɗaya daga ciki rataye a falon wasu mutane da ban sani ba. Duk ranar da na ɗauki waya zan tambaye ta sai bakina ya yi nauyi.

Ana cikin haka wata galari a Legas ta gayyace ni in kai zane uku wani baje koli na haɗin gwiwa. Na gaya mata da murnata, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ashe haka za ki yi min?" Tun ranar gaisuwarmu ta koma sama-sama. Ga kuma wani gidan tarihi mai zaman kansa da ke roƙon in ba su kyautar zanen da na fi so, na ɗakin kakata da jeren kwanukanta, wai sunana zai shiga tarihi. Mahaifiyata ta ce in bar wa Allah, kada abin duniya ya raba ni da wadda ta rufa mana asiri. Mijina ya ce a nemi lauya. Anti, ba na son in rasa ta, ba na kuma son in rasa gumina. Yaya zan yi?

Mai zane, daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya saka wa ƙawarki da alheri kan abin da ta yi a asibiti.

Kada ki nemi lauya yanzu, kada kuma ki yi shiru. Abin da za ki yi shi ne ki shiga mota ko jirgin ƙasa ki je Abuja da ƙafarki, da ƙaramin littafi a jakarki, ku zauna ke da ita ku yi lissafin da ya kamata ku yi tun ranar da ta ɗebi kayan. Na san ƙirjinki ya buga da kika karanta wannan, don haka bari in gaya miki inda na koyi cewa alƙalami ba ya kashe zumunci.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin riguna ne a kasuwar Kurmi ta Kano. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, baffanmu, maɗinki ne, kuma in ya kama aska takwas yakan shafe wata uku a kan riga ɗaya, har idonsa ya yi ja. Ranar da ya gama zai naɗo ta ya kawo rumfar yayansa. Za su gaisa gaisuwa mai tsawo, a tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, a dama fura a sha. Sai an ajiye ludayi sannan mahaifina zai ɗaga gefen buzunsa ya jawo wani littafi da bangonsa ya yi baƙi don shan hannu, ya rubuta da ajami: rana kaza, riga kaza, mai ita yana son kaza, la'ada kaza. Ya karanta wa baffa da ƙarfi, baffa ya ce "haka ne", shi ke nan su koma hirarsu. Ina yarinya na taɓa ce masa, "Baba, har Baffa ma sai an rubuta?" Ya ce da ni ba don baffa yake rubutawa ba, don mantuwa yake yi, da kuma ranar da ɗayansu ba ya nan 'ya'yansu za su zauna. Har suka koma ga Allah ban taɓa jin kansu kan kuɗi ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ko babba, kuma ga muminai aka yi umarnin, mutanen da suka yarda da juna. Ki karanta wa Mama ita a hankali, za ta gane cewa ba faɗa za ki je yi ba.

Daga ranar da ƙawarki ta saka zanenki a mota ta zama abu biyu a wurinki: aminiya, kuma dillaliya. Ku biyun kun riƙe na farkon, kun kau da kai daga na biyun saboda kara. Zanen nan goma sha ɗaya amana ne a hannunta. Ba saya ta yi ba, ba kuma kyauta kika ba ta ba. Duk wanda bai sayu ba naki ne, wanda ya sayu kuma kuɗinsa naki ne bayan an cire la'adarta. Tambayar lissafi haƙƙinki ne, kuma da ke ce a matsayinta haka za a tambaye ki.

Amma kafin ki tafi ki san yadda sana'arta take, don kada ki shiga da zafin da bai dace ba. A manyan gidajen baje koli na Turai da Amurka, abin da aka saba shi ne a raba kuɗin zane biyu, rabi na mai zane, rabi na galari. Masu zane da yawa in suka fara jin haka sai su ga zalunci ne. Ki tuna dai ita ke biyan hayar wuri a Abuja, da man janareta, da firam, da mai ɗaukar hoto, da kuɗin mota, da lemon da ake raba wa baƙi ranar buɗewa, kuma wata biyu ko uku na iya wucewa ba a sayi ko ɗaya ba. Sannan ga halin wasu manyan masu saye: Alhaji zai nuna zane ya ce a kai masa gida, a rataya, a yi ta yabawa, kuɗi kuwa sai an yi ta sintiri. Zanen da kika gani a Instagram yana iya kasancewa an biya shi tas, yana iya kasancewa kafin alƙalami kawai aka bayar, yana ma iya kasancewa gwaji aka kai a ga ko ya dace da bangon. Ba ki sani ba, ni ma daga nan ba zan yanke mata hukunci ba. Laifinta da ya tabbata guda ne, wato ta bar ki cikin duhu wata goma sha huɗu. Wannan kuwa ba ƙaramin laifi ba ne, ko da kowace naira tana nan a ajiye.

Akwai abin da nake zargi ya fi duk waɗannan, kuma shi ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa. Ina jin a zuciyarta tana haɗa kuɗin fenti da kuɗin asibiti da kuɗin zane a tukunya ɗaya. Ta yiwu ba ta taɓa zama ta lissafa ba, amma tana jin cewa ta zuba a kanki, don haka ba ta ga gaggawar yi miki bayani ba. Ke ma abin da ya ɗaure miki baki ke nan. Kowaccenku tana ɗauke da wani bashi da ba a taɓa faɗar sunansa ba.

Wannan matsala ta girme ku. Vincent van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, ƙanensa Theo ne ya riƙe shi shekara da shekaru, yana aika masa kuɗi duk wata, kuma Theo dillalin zane ne a Paris. Abin ya riƙa cin Vincent, har a 1884 ya rubuta wa ƙanen nasa cewa daga yanzu zai riƙa aika masa zanen da ya yi, kuɗin da yake karɓa kuma a ɗauke su a matsayin ladan aikinsa. Ya kuma yi masa ƙorafin cewa ba ya ƙoƙarin sayar da kayan. Maganar ta yi ɗaci, amma ba ta raba su ba. Suna tare har Vincent ya rasu a Yulin 1890, Theo ya bi shi bayan wata shida. Ciki ɗaya suka fito, duk da haka sai da suka sa wa kuɗin da ke tsakaninsu suna.

Ke ma ki sa masa suna, kuma ke za ki fara ɗauko maganar, ba ita ba. In kun ci abinci kun natsu, ki ce mata wani abu kamar haka: "Ƙawata, akwai nauyinki a kaina da ban taɓa saukewa ba. Kuɗin fenti da na asibitin Mama, ina so ki gaya min, kyauta ce ko rance? In rance ne mu rubuta, a cire daga kuɗin zane, in kyauta ce in yi miki godiyar da ta dace in kuma ci gaba da yi miki addu'a." Ki ga, da bashin da ke kanki kika buɗe, ba da wanda ke kanta ba. Daga nan ƙofa ta buɗu ki ce, "To mu duba zanen nan goma sha ɗaya, wanne ya tafi, wanne yana nan." Ki roƙe ta ta shiga da ke sito ki gan su da idonki, ki juya bayansu, ki duba ko laima ta taɓa su ko firam ya goge fentin. Ki ɗauki hoton kowanne.

Sannan ku buɗe littafi. Kowane zane ya samu layinsa: sunansa, girmansa, shekarar da kika yi shi, farashin da kuka amince, da kason kowa. Ku yanke iyakar ragin da za ta iya yi wa mai saye ba tare da ta kira ki ba, da kuma wanda ragin zai fita daga kasonsa. Ku sa kwanakin da za ta turo miki kuɗinki bayan mai saye ya biya, wata ɗaya ya isa. Ku sa ranar da duk abin da bai sayu ba zai dawo Kaduna, da wanda zai biya motar, da wanda zai ɗauki asara in zane ya lalace a hannunta. Shafi ɗaya ya ishe ku. Ku sa hannu, kowa ta riƙe kwafi, a samu mutum ɗaya da kuke girmamawa ya shaida, ko da tsohon malaminku ne na Zariya.

Sunan masu saye kuwa, a nan za ku iya ɗan ja. Dillalai da yawa suna ɓoye shi don tsoron kada mai kaya ya zagaye su, kuma tsoron nasu yana da dalili, don ana yi. Ki yi mata alkawari a rubuce cewa duk wanda ya san ki ta hanyarta, ko a gida ya same ki, la'adarta tana nan. Ki cika alkawarin nan ko da ba za ta taɓa sani ba. Ita kuma ta gaya miki inda aikinki ya sauka. Dalilin da ya sa na dage a kan wannan: Ben Enwonwu, fitaccen mai zanen Najeriya, ya zana Tutu, hoton wata 'yar sarautar Ife, a 1974. Shekaru da dama ba a san inda zanen yake ba, sai a wani gida a arewacin Landan aka gano shi, aka yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Bonhams a Fabrairun 2018 kan fam miliyan 1.2, shekara 24 bayan rasuwar Enwonwu. Ba cewa nake naki zai kai haka ba, ko da yake babu wanda ya san gobe sai Allah. Ranar da wani zai so ya haɗa ayyukanki a baje su wuri ɗaya, ko ya yi rubutu a kanki, tambayar farko da zai yi ita ce ina suke. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta kuma ba mai zane haƙƙin kaso idan aka sake sayar da asalin aikinsa ta gwanjo ko ta hannun dillali. Wanda bai san inda kayansa suke ba, ta ina zai nemi wannan kason?

Yanzu maganar Legas. Ki je. Ba ku taɓa yin yarjejeniyar cewa ita kaɗai za ta sayar miki ba, kuma galarin da ke son ta riƙe mai zane ita kaɗai akwai abin da take ɗaukar wa kanta: baje koli na mutum ɗaya lokaci-lokaci, talla, biya a kan kari. Masu sayen zane a Arewa ba su da yawa, kin fi ni sani. Kasuwar tana Legas, inda mai zane Nike Davies-Okundaye take da katafaren gidan baje kolinta a Lekki, inda kuma ake yin babban baje kolin zane na Art X duk shekara tun 2016. Mai zanen da ke Kaduna ta rufe wa kanta wannan hanya don gudun ɓacin ran ƙawa, ta cuci kanta, ta kuma cuci ƙawar, don in sunanki ya tashi a Legas zanen da ke sitonta a Abuja ma sun tashi.

Sai dai kalmar nan da ta faɗa, "Ashe haka za ki yi min?", kada ki ɗauke ta a matsayin baƙin ciki da ci gabanki. Tsoro ne. Ta ga lokacin da babu mai kallon aikinki ita ta tsaya, yanzu da ido ya fara zuwa kanki tana jin za a ɗauke ki a bar ta da labari. Irin haka ya faru da ƙananan gidajen baje koli da yawa, su yi raino, manya su zo su girba. Ki kwantar mata da hankali da aiki, ba da baki kaɗai ba. Ki ce Abuja tata ce, ba za ki kai wa kowa zane a garin ba sai ita, na shekara ɗaya ko biyu, a sabunta in kowa ya ji daɗi. Ki tabbatar farashinki ɗaya ne a Legas da Abuja, kada mai saye ya ga ta tsawwala masa. A tarihinki da za a buga, a rubuta cewa gidanta ne ya fara baje aikinki. In da hali ki gayyace ta ku tafi buɗewar tare.

Kin san hoton matar da ke bayan naira 20. Ladi Kwali ce, ta iya ginin tukunya tun tana yarinya a ƙauyensu, tukwanenta har fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau sun shiga, a can ne kuma Baturen nan Michael Cardew ya gan su. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya kafa a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta wannan hanya aka baje aikinta a Landan, ta je Ingila da Amurka tana nuna yadda take gini, jami'arku ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Duk inda aka ba da labarinta ana ambaton Sarki da Cardew, kuma sun cancanta. Hannun da ya gina tukunyar dai nata ne, kuma ba a taɓa cewa don wani ya buɗe mata ƙofa dole ta tsaya a bakinta ba. Ki ba ƙawarki matsayinta cikakke a labarinki, ki kuma ci gaba da tafiya.

Akwai dalilin da ya sa ban ce miki ki yi watsi da maganar mijinki gaba ɗaya ba. Mark Rothko, babban mai zane a Amurka, ya rasu a 1970, ya bar wasiyyar dukiyarsa a hannun abokansa uku. Cikin 'yan watanni suka miƙa zanensa 798 ga galarin Marlborough, guda 100 a kan farashi mai rahusa da za a biya cikin shekara 12, sauran kuma a sayar a kan la'ada mai tsoka, alhali biyu daga cikinsu suna da wata alaƙar amfani da galarin. 'Yarsa Kate, tana matashiya, ita ta kai ƙara, a 1975 kotu ta tsige su ta kuma yanke diyyar fiye da dala miliyan 9. Abokai ne na gaske a lokacin da yake raye. Don haka in kin je da ladabi, kin buɗe da bashin da ke kanki, amma ta ƙi nuna miki kaya, ta ƙi lissafi, ta ƙi sa rana, to ki ce ta dawo miki da abin da ya rage, ki sa wani babba a tsakani, malaminku ko wani daga ƙungiyar masu zane ta ƙasa. Lauya shi ne matakin ƙarshe, kuma ina fatan ba za a kai can ba. Idan kuma ta sunkuyar da kai ta ce kuɗin sun shigo amma haya ta cinye, ki karɓi gaskiyar da hannu biyu, ku rubuta adadin, ku tsara yadda za ta biya kaɗan-kaɗan. Wadda ta biya wa mahaifiyarki asibiti ta cancanci a yi mata jinkiri. Sai dai sabon zane ba zai sake zuwa hannunta ba sai an ga biya ya fara.

Zanen ɗakin kakarki ne ya fi tsaya min a rai. Tun da na karanta nake ganin ɗakin tawa kakar: samiru da fantekoki da langa-langa jere tun daga ƙasa har kusa da rufi, hasken ƙofa yana faɗa musu da hantsi, ga gadon ƙarfe mai rumfa a gefe. Ɗakunan nan sun kusa ƙarewa, an sayar da jeren ko an raba wa jikoki sun watsar. Wadda ta zana irin wannan ta zana abin da ba za ta sake samun zama a gabansa ba. Kada ki bayar da shi kyauta.

Ba raina gidan tarihi nake ba. Shigar aikin mai zane irin wannan wuri daraja ce ta gaske, tana kuma sa masu saye su ɗauke ki da muhimmanci. Amma kyauta in ta fita ta fita, kuma yawancin gidajen tarihi ɗan kaɗan daga abin da suka mallaka suke ratayewa, sauran suna sito. Kafin ki amsa musu komai ki je ki ga sitonsu. Ki duba ko ƙurar hunturu tana shiga, ko bango yana tsatsafar ruwa da damina, ko akwai alamar gara, ko zane a jingine suke a ƙasa ɗaya kan ɗaya. Ki tambaya ko suna da rajistar da kowane aiki yake da lambarsa. Ki tambaya, tunda na masu zaman kansu ne, in mai gidan ya rasu ko aka rufe wurin, ina kayan za su, kuma ko suna da ikon sayar da abin da aka ba su. Gidan da ya san aikinsa zai ji daɗin waɗannan tambayoyi.

In kin gamsu, ki ba su aro. Shekara ɗaya ko biyu, a rubuce, da hoton yadda zanen yake ranar da ya fita daga hannunki, da darajarsa a kuɗi, da wanda zai biya in ya lalace, da sunanki a jikin bango yadda kike so a rubuta shi. In sun nace suna son mallaka, akwai hanyar da aka saba bi a duniyar zane: su nemo mai hali ya saya daga hannunki, ya ba su kyauta da sunansa. Gidan zane na Yemisi Shyllon da aka buɗe a Jami'ar Pan-Atlantic a 2019, da kyautar mutumin da ya shafe shekaru yana saye da tarawa aka kafa shi. Irin waɗannan su ne masu ɗaukar nauyin kyauta, ba yarinyar da ke jiran kuɗin fenti ba. In kuma zuciyarki tana son ki ba su wani abu don su ma suna ƙoƙari, ki zaɓi wani daban wanda rabuwa da shi ba zai hana ki barci ba.

Ko aro ne ko sayarwa, ki sa a takardar cewa haƙƙin mallakar hoton yana hannunki. Wanda ya sayi zane ya mallaki ƙyallen da fentin da ke kansa, amma ikon buga shi a kalanda ko riga ko bangon littafi yana wurinki, sai in kin miƙa shi a rubuce, kuma yana bin magadanki har shekara 70 bayan ranki. Wannan layin ki sa shi a takardarki da ƙawarki, ki sa shi a ta Legas ma.

Tun daren yau, kafin tafiyar, ki juya duk zanen da ke ɗakinki ki rubuta a bayan kowanne sunanki, sunansa, shekara da lamba, ki shigar da su littafin, ki bar shafi goma sha ɗaya na farko ga waɗanda ke Abuja. Ki kira ta da safe, ba saƙo ba, ki ce kin yi kewarta kuma za ki zo ki kwana biyu. Ki tafi mata da tsarabar da kika san tana so tun kuna Samaru. Na kakarki kuma, kafin gidan tarihi su amsa tambayoyinki, ki kai shi ɗakin Mama ki rataya mata inda za ta riƙa ganinsa daga gado. In kin dawo ki rubuto min yadda kuka yi.